Digirin mako shida da aikin mako takwas

Maganar yau ta masu karatun injiniya ce, su da iyayensu. Amma wanda ba shi da ɗa a jami'a kada ya yi saurin juya shafi, domin ɗa na kowa ne, kuma sunan da muke son wankewa na garinmu ne duka.

Kowa ya ji abin da ake kira "digirin Kwatano". A ƙarshen watan Disamba na 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga labarin wakilinta Umar Audu, wanda ya ɓad da kama ya biya kuɗi, aka ba shi takardar digiri ta wata makaranta mai zaman kanta a nan garin cikin mako 6, bai zauna aji ko na rana ɗaya ba. Ba a yi mako guda ba, a farkon Janairu na 2024, gwamnatin Nijeriya ta ba da sanarwar dakatar da tantance takardun digiri na Benin da Togo. Tun daga lokacin, in ka je biki Kano ko Zariya ka ce ɗanka a Kwatano yake karatu, sai ka ga an dubi juna an yi murmushi. An ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, to mun gani da idonmu.

Abin takaicin shi ne tabon ya shafi yaran da ba su ci nanin ba. Ƙasar nan tana da makarantu na gaskiya. Jami'ar Abomey-Calavi tun 1970 aka kafa ta, da sunan Jami'ar Dahome. A cikinta akwai EPAC, makarantar injiniyoyi wadda asalinta ya koma 1977, inda ake koyar da gine-gine da hanyoyi, da lantarki, da ƙere-ƙeren injuna, da kwamfuta da sadarwa, da sarrafa abinci. A Dangbo akwai IMSP, cibiyar lissafi da kimiyya da Farfesa Jean-Pierre Ezin ya kafa a 1988. A Abomey kuma akwai UNSTIM, jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a 2016. Akwai yaranmu da ke tashi tun asuba su hau zemijan ko su cusa kai cikin mota zuwa Calavi, ruwa da rana, shekara 5 cur, kafin a kira su injiniya. Yaya mutumin waje zai bambanta takardarsu da ta mai mako 6? Takarda ba ta magana. Aikin da hannu ya yi, da shaidar malamin da ya ga an yi shi, su ne ke magana. Hanya ɗaya ta samun wannan shaida ita ce nake son mu tattauna yau.

A ƙasashen Turai da wasu wurare, idan an rufe jami'o'i daga Yuni zuwa Satumba, lokacin zafinsu ke nan, ba a rufe ɗakunan bincike. Sai malamai su buɗe ƙofa ga ɗaliban da ba su gama digirin farko ba, na gida da na ƙetare, su zo su zauna wajen mako 8 zuwa 12 suna aiki tare da su. Kada a haɗa wannan da sitaj ɗin da yaranmu suka saba yi a kamfani, inda sau da yawa ɗalibi kan ƙare da kallo da riƙe wa injiniya jaka, ranar ƙarshe a buga masa hatimi ya tafi. A zaman bincike ana ba yaro tambaya guda ƙarama wadda shi malamin kansa bai san amsarta ba tukuna. Shi zai karanta abin da na gaba suka rubuta, shi zai haɗa na'ura ko ya rubuta umarnin kwamfuta, ya auna, ya yi kuskure, ya sake aunawa. Duk mako zai zauna gaban malami ya faɗi inda ya kai da inda ya maƙale. A ƙarshe ya rubuta rahoto, ya tsaya gaban mutane ya kare abin da ya gano. Wannan ba ya sayuwa a kasuwa, ko nawa mutum ya riƙe.

Ina ake samun irin wannan? Bari in kawo kaɗan.

Na farko CERN, babbar cibiyar binciken ƙwayar zarra da aka kafa a 1954 kusa da birnin Janeba, a kan iyakar Suwis da Faransa. A can ne aka haƙa ramin da ya kewaya kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, inda ake gwara ƙananan ƙwayoyi da juna don a san abin da ke cikinsu. A can kuma Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet a 1989. Wuri irin wannan ba masana kimiyya kaɗai yake buƙata ba, yana buƙatar masu lantarki da masu injuna da masu kwamfuta. Kowace shekara suna karɓar ɗalibai na mako 8 zuwa 13, har da 'yan ƙasashen da ba sa cikin ƙungiyar, irin tamu. Sharaɗin shi ne ɗalibi ya kammala shekara 3 a jami'a kafin lokacin zuwa. Ana ba shi kuɗin guzuri na kowace rana, kuma akan rufe karɓar takardu a watan Janairu.

Na biyu EPFL, makarantar fasaha ta tarayya da ke Lozan, ita ma a Suwis, a yankin masu jin Faransanci. Sashenta na injiniya yana da shirin da ake kira E3, sashen kwamfuta da sadarwa kuma yana da nasa mai suna Summer@EPFL. Dukansu ana neman ɗalibi mai maki mai kyau ƙwarai, ana ba shi kuɗin zama, kuma ƙofar neman shiga takan rufe watanni da yawa kafin hutu.

Na uku KAUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdallah, wadda aka buɗe a 2009 a garin Thuwal, bakin Bahar Maliya, wajen kilomita 80 arewa da Jidda. Tana da shirin baƙin ɗalibai mai suna VSRP, inda ɗalibin da ya yi nisa a karatunsa kan zauna 'yan watanni, har zuwa 6, jami'ar ta ɗauke masa kuɗin jirgi da masauki, ta kuma ba shi na kashewa duk wata. Suna bincike a kan tace ruwan teku, da wutar hasken rana, da noma a ƙasa mai zafi, abubuwan da ba baƙi ba ne a wurinmu.

Akwai kuma tsohuwar ƙungiyar musayar ɗalibai, IAESTE, wadda aka kafa a Landan a 1948. Ita tsarinta ba ni gishiri in ba ka manda ne: ƙasa tana samun guraben tura 'ya'yanta gwargwadon guraben da ta buɗe wa 'ya'yan wasu.

Sai dai a lura, ba kowace ƙofa ce aka yi dominmu ba. Shirin RISE na hukumar DAAD ta Jamus, wanda yara kan yi ta tura wa juna a waya, na ɗaliban jami'o'in Amurka da Kanada da Birtaniya da Ailan ne. Shirin REU na Amurka kuma kuɗinsa na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin. Saboda haka kafin yaro ya ɓata dare yana cike takarda, ya fara karanta sharaɗin wanda ya cancanta, kuma a shafin ita makarantar kanta, ba a saƙon da aka yi ta turawa ba. Sharuɗɗa da ranaku kan canja daga shekara zuwa shekara.

Yanzu bari in ba ku labarin cikin gida, domin da shi na koyi duk wannan. Ɗan wana yana karatun lantarki. Wani dare a watan Janairu, bayan lisha, ya same ni zaune a ƙofar gida, ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi shiru. Na ce, "Lafiya dai?" Ya ce, "Baffa, don Allah ka yi wa Baba magana. Akwai wani wuri da nake son nema, saura kwana goma a rufe." Na tambaye shi fasfo, ya ce babu. Takardar maki fa? Bai karɓo ba. Wane malami zai rubuta maka shaida? Ya sunkuyar da kai. Shekara 3 yana zama a bayan aji, yana cin jarrabawa lafiya lau, amma babu malami ɗaya da ya san sunansa.

Duk da haka washegari na tafi shagon Yaya, inda yake sayar da kayan gyaran babur. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kai ma ka san hutu lokacin shago ne. Wata tara ina ciyar da makaranta, wata uku ma ba za ta bar mini shi ba? In ya tafi ya ga wuri ya ƙi dawowa fa?" Na ce, "Yaya, gaskiyarka, amma a bari mu gwada." Kafin mu gama ja-in-ja kwana goma sun cika, ƙofa ta rufe.

Abin da ya biyo baya ya fi ciwo. Da Yaya ya ga yaron ya daina walwala, zuciyar uba ta motsa. Ana nan sai wani mutum mai kwat da jaka ya ɓullo, ya ce yana da hanyar sitaj a Kanada, a kawo kuɗin rajista da na biza. Yaya bai shawarci kowa ba, don yana son ya ba ɗansa mamaki. Ya ƙirga abin da zai sayi sabon babur ya miƙa. Har yau wayar mutumin a kashe take. Da izinin Yaya nake faɗin wannan, shi ya ce in rubuta don kada a yi wa wani.

To ga darasin da muka samu, na kasa shi huɗu.

Na ɗaya, lokaci. Mai son tafiya a Yuni, tun Oktoba zai fara shiri, domin yawancin wuraren nan tsakanin Nuwamba da Fabrairu suke rufe karɓar takardu. Da sanyin safiya akan kama fara. Wanda ya jira sai an yi hutu sannan ya fara tambaya, ya makara da wata shida.

Na biyu, takardu, kuma a nan mu mutanen Zango muke da tamu matsalar ta daban. Yaro ɗaya sai ka ga a takardar haihuwa an rubuta Mahamadou, a ta makaranta Mohamed, a fasfo Muhammad. Wani an haife shi a nan, amma takardunsa na Nijar ne ko na Nijeriya. A wurinmu duk suna ɗaya ne, amma ma'aikacin biza harafi yake dubawa. A zauna tun yanzu a jera takardun a tabarma, a ga ko suna da ranar haihuwa sun dace, in akwai gyara a tafi ANIP ko ofishin jakadancin ƙasar da abin ya shafa tun da sauran lokaci. A yi fasfo tun ba a buƙace shi ba. A karɓo takardar maki ta kowace shekara. Mu a nan bisa 20 ake ba da maki, kuma 14 ko 15 a wurinmu babban abu ne, amma wanda bai san tsarinmu ba yana iya raina shi. Don haka yana da kyau malamin da zai rubuta shaida ya faɗi matsayin yaron a cikin ajinsu.

Na uku, malami da harshe. Yawanci ana neman wasiƙar shaida daga malami, wani wurin har biyu. Malami ba zai yi shaidar wanda bai sani ba. Kunya ado ce a gaban manya, haka aka rene mu, amma kunyar da za ta hana ɗalibi yin tambaya a aji ko ƙwanƙwasa ofishin malaminsa ta zama asara. Sannan Ingilishi: ko a Janeba da Lozan, inda ake Faransanci a titi, yawancin aikin bincike da Ingilishi ake yin sa. A nan Allah ya ba yaranmu abin da wasu ba su da shi. Yaron Zango ya tashi da Hausa, ya ji Fon a kasuwa, ya yi Faransanci a lakwal, ga dangi a Legas da Kano, ga iyakar Seme kusa. Wanda ya riƙe harshe uku, na huɗu ba zai gagare shi ba, in ya ba shi awa ɗaya kullum.

Na huɗu, kuɗi. Wuraren da na lissafa na CERN da EPFL da KAUST su ke ba ɗalibi kuɗi, ba shi ke ba su ba, kuma babu dillali tsakaninsu da mai nema. Yaro da kansa zai cike takarda a shafinsu. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya samo gurbi, ɗan'uwan mai sayar da digirin mako 6 ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Yanzu ga iyaye. Maganar Yaya ba ta banza ba ce, shago na bukatar hannu. Amma mu tuna abin da idonmu ya gani. A Agusta 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe Seme ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya, manyan motoci suka yi jerin gwano, kaya suka lalace a hanya. Gidaje nawa ne a Zango tukunyarsu ta yi sanyi a waɗannan lokuta? Arzikinmu ya rataya a kan iyaka, kuma mabuɗin iyaka ba a hannunmu yake ba. Gidan da ke da ɗa ɗaya a shago, ɗaya kuma da sana'ar da ba a tsare ta a shingen kwastan, ya fi kwanciyar hankali.

Batun tafiya kuwa, mu ne za mu ji tsoronta? Kakanninmu fatake sun bi ta Nikki da Djougou, wadda suke kira Zugu, har Salaga a ƙasar Gwanja neman goro. Yaro yakan bi ayari yana ɗan shekara goma sha, yana kora jakuna, yana kallon yadda madugu ke ciniki da sarakunan hanya, ya dawo ya zama mutum. Almajiri yakan tafi gabas ya yi shekaru. Da ba a bar yara sun yi tafiya ba, da babu Zango a Kwatano. Wannan kuwa wata biyu ko uku ce, da ranar tafiya da ranar dawowa, kuma dole ya dawo domin digirinsa na nan bai ƙare ba. Ban ce babu wanda daga baya zai koma can ya zauna ba, akwai. Amma wanda aka sallama da albarka ya fi tuna gida bisa wanda ya fita da fushi ta hanyar sahara.

'Ya'ya mata ma kada a bar su baya. Akwai 'yan matanmu a ajin injiniya, wasunsu sun fi mazan maki. Uba na da hakkin ya san inda 'yarsa za ta kwana da wanda za ta yi aiki a ƙarƙashinsa, kuma wuraren kirki suna bayyana wannan a rubuce. A tambaya, a bincika, a nemi wani namu da ke ƙasar ya zama ido. Bincike shi ne maganin shakka, ba hani ba.

Gaskiya ɗaya kuma dole in faɗa: masu nema dubbai ne daga duniya duka, guraben kaɗan ne. Yaro na iya yin komai daidai bai samu ba. Shi ya sa nake cewa a fara daga gida, domin tambayoyin bincike ga su nan a ƙofarmu. Tun da aka gama tashar jiragen ruwa ta Kwatano a 1965, yashin da igiyar ruwa ke kwasowa daga yamma yana taruwa a gefe ɗaya, teku kuma tana cin gaɓa ta gabas wajen Akpakpa, har aka jera katangun duwatsu don tare ta. Garinmu a kwance yake tsakanin teku da tafkin Nokoué, kowa ya tuna ambaliyar 2010, kuma kowace damina muna ganin inda ruwa ke kwana a unguwa. Iskar gishiri na cin ƙarfe da kwanon rufi. Ga tashar lantarki ta Maria-Gléta mai megawat 127 da aka buɗe a 2019, ga gonar hasken rana ta Illoulofin wajen Pobè wadda aka buɗe a 2022 da megawat 25. Ga cibiyar Songhaï a Porto-Novo, wadda Fada Godfrey Nzamujo ya kafa a 1985, inda ake ƙera injunan sarrafa amfanin gona. Duk waɗannan aikin injiniya ne, kuma malaman jami'o'inmu suna bincike a kan irinsu, sau da yawa ba su da isassun hannaye.

Abin da ɗan wana ya yi ke nan a hutun da ya wuce. Ya cire kunya ya sami wani malaminsa ya ce yana son aiki, ko ba biya. Malamin ya ba shi faranti biyu na hasken rana a kan rufi, ɗaya a riƙa goge shi duk mako, ɗaya a bar shi da ƙura da gishirinsa, a auna wutar da kowanne ke bayarwa safe da rana da yamma. Mako 8 yana hawa tsani da littafi a hannu. Mun yi sulhu da Yaya: safiya ta malami, la'asar ta shago. Yanzu yana da rahoto mai shafuka da ya rubuta da kansa, yana da malamin da ya san sunansa, fasfo kuma yana cikin akwatin uwarsa. Bana zai nema tun ƙofa na buɗe. Ko zai samu ko ba zai samu ba, wannan na Allah ne. Amma ko yau aka ce masa "digirin Kwatano", yana da abin da zai ɗora a tebur. Rannan ma na iske Yaya yana nuna wa wani mai sayen batir rahoton, yana juya shafuka, shi da ba ya karanta Faransanci.

A ƙarshe ina da roƙo ga ƙungiyoyinmu na unguwa da masu hannu da shuni. Muna tara kuɗi don biki da suna da ta'aziyya, kuma hakan daidai ne. Me zai hana a ware wani abu kaɗan duk shekara don kuɗin fasfo da fassarar takardu na ɗalibai biyu ko uku masu ƙoƙari? Me zai hana 'yan'uwanmu da suka yi karatu a Nijeriya ko Gana su ba da yammacin Asabar ɗaya su koya wa ƙannensu Ingilishi? Wanda kuma ya taɓa zuwa irin wannan zama, ko ya san wanda ya je, ya rubuto wa wannan fili ta hannun edita, mu buga don na baya su amfana.

Ku kuma 'yan makaranta, kada wannan wata ya ƙare ba ku jera takardunku kun duba ba, kuma ba ku gaida malami ɗaya a ofishinsa ba.